Kun Tambaya Mun Amsa: Tarihin Duwatsun Azbin

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke sayar da gishiri da kanwa a kasuwar Maigatari, kuma wasu mutum biyu daga Tasawa da Illela sun aiko da makamanciyarta. Yana so a ba shi tarihin duwatsun Azbin: a ina suke, yaya girmansu, wane irin yanayi gare su, kuma waɗanne namun daji ake samu a cikinsu. Ya ce shi dai tun tasowarsa yana ganin raƙuma suna saukowa da kantu, amma bai san yadda ƙasar masu raƙuman take ba.

To Malam, madalla da wannan tambaya. A taƙaice, duwatsun Azbin tamkar wata ƙatuwar randa ce da Allah Ya girke a tsakiyar hamada. Ruwan da ke shiga cikinta ba shi da yawa, amma da shi mutane da dabbobi suka rayu shekaru dubbai, kuma shi ne ya haifar da cinikin da ya haɗa ƙasar Hausa da mutanen arewa. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Inda suke da girmansu

Duwatsun Azbin, ko Abzin, suna arewacin Jamhuriyar Nijar ne, a cikin Jihar Agadas. Buzaye, watau Abzinawa, suna kiransu Ayir, kuma da wannan suna Turawa suka san su. Idan ka tashi daga Kano ka bi ta Damagaram da Tanut, bayan tafiyar kilomita wajen 700 za ka isa birnin Agadas, wanda ke zaune a gindin duwatsun daga kudu. Daga nan suka miƙa arewa har wajen kilomita 400, suka doshi iyakar Aljeriya. Faɗin ƙasar da suka mamaye ya kai murabba'in kilomita 84,000, watau kamar a haɗa Jihar Kano huɗu wuri ɗaya ke nan.

Kada ka ɗauka dutse ɗaya ne dogo kamar ganuwa. A'a, tudu ne mai faɗi wanda tsayinsa ya kama daga mita 500 zuwa 900 bisa teku, sa'an nan a kansa aka jera wasu manyan duwatsu masu kewaye kamar an kifa akusa. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Bagazam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, kuma babu inda ya fi nan bisa a duk ƙasar Nijar. Akwai Tamgak mai mita 1,988, da Girebun can arewa mai mita 1,944. A kan Bagazam akwai ƙauyuka da lambuna, kuma sunansa ne shahararren dokin nan bagazam ya ɗauka, wanda sarakunan da suke alfahari da mallakarsa.

Masana ilmin duwatsu sun ce waɗannan duwatsu dangin na Jos ne. Narkakken dutse ne ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya daskare, ya fara daga Azbin shekaru sama da miliyan 400 da suka wuce, ya gangaro ta Damagaram, ya ƙare a tsaunukan Jos. Shi ya sa kuzar da ake haƙa a Jos, akwai irinta a Elmiki cikin Azbin. Har ila yau akwai duwatsu masu aman wuta da suka mutu, kuma a Tafadak, arewa da Agadas, akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi inda masu ciwon gaɓoɓi kan je wanka. Daga gabas da duwatsun kuwa sai Tenere, tekun rairayi. Daga yamma sai filayen kiwo na Irhazar da Azawak.

Yanayi

Iskar da ke kawo mana damina daga tekun Atlantika take tasowa, ta kudu maso yamma. Kafin ta wuce Kano da Damagaram ta riga ta zubar da mafi yawan ruwanta. Ragowar da ta isa Azbin, sai ta ci karo da dutse, dole ta hau sama. To iska kuwa idan ta hau sai ta yi sanyi, idan ta yi sanyi sai ta saki ruwan da ta ɗauko. Wannan ne dalilin da ya sa Azbin ke samun ruwan sama, alhali Tenere da ke maƙwabtaka da shi takan shekara da shekaru babu ɗigo.

Amma fa ruwan kaɗan ne. Agadas kan samu milimita 100 zuwa 150 a shekara, tsakanin watan Yuli da Satumba. A Iferwan, can ciki wajen arewa, bai cika wuce milimita 50 ba. Ka gwada wannan da Kano, wadda kan samu wajen milimita 800. Manomi ya san da irin wannan ruwa ko gero ba zai kai ga bununi ba.

To yaya aka yi mutane ke noma a can? Ga sirrin. Dutse ba ya shan ruwa. Idan hadari ya zuba a kan duwatsu masu faɗin gaske, duk ruwan sai ya gangaro ya taru a cikin 'yan ƙananan kwaruruka, waɗanda mutanen Nijar ke kira kori. Korin da ya yi wata goma a bushe, cikin sa'a guda sai ya zama kogi mai jan raƙumi. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ruwan ya nutse cikin yashi, inda rana ba ta iya shanye shi. Wanda ya haƙa rijiya a bakin korin sai ya tarar da ruwa kusa. Ke nan dutse ne ke tara wa kwari ruwa, kamar yadda rufin kwano ke cika randa da yayyafi.

Wani lokaci abin yakan zo da ɓarna. A farkon watan Satumba na 2009 korin Telwa ya fasa madatsarsa ya afka cikin Agadas, ya rusa dubban gidaje.

Wajen zafi kuwa, a watan Mayu da Yuni yakan haura digiri 40 a Agadas. Amma da hunturu, a kan manyan duwatsun, sanyin dare kan kai har ruwa ya yi ƙanƙara. Wannan sanyi ne ya sa alkama da dankalin Turawa da tafarnuwa da lemo da rumman da inabi ke yi a lambunan Timiya da Tabalot da Iferwan, ga kuma dabino da albasa. A gargajiyance sa ko raƙumi ke jan guga daga rijiya, ruwan ya bi ta kan wani itace da aka fafe ya gangara cikin fangali.

Zamanin da hamada take kore

Ba haka Azbin yake ba tun fil azal. Tsakanin shekaru kamar 10,000 zuwa 5,000 da suka shige, damina tana kaiwa can arewa sosai, akwai tafkuna da ciyawa inda yau sai rairayi. Shaidar haka tana nan rubuce a jikin duwatsu. Mutanen wancan zamani sun sassaƙa siffofin giwa da karkanda da jimina da garken shanu. A wani wuri da ake kira Dabus, yamma da duwatsun, akwai siffar raƙumin dawa da aka sassaƙa wadda tsawonta ya haura mita 5. A Tagalagal, kan dutsen Bagazam, an tono sakainun tukwane da suka haura shekara 9,000, suna cikin mafiya daɗewa a Afirka. A shekara ta 2000 kuma, a Gobero cikin Tenere, masu bincike suka gano wata tsohuwar maƙabarta mai kaburbura wajen 200, tare da ƙasusuwan kada da dorina da giwan ruwa.

Da ruwa ya fara ja da baya, sai mutane da dabbobinsu suka riƙa gangarowa kudu, wasu kuma suka fake a cikin duwatsu inda ruwa ya saura. Haka itatuwa. Har yau a kan ƙololuwar duwatsun akwai zaitun na daji, dangin wanda ke bakin Bahar Rum, a cikin kwari kuwa ga aduwa, ga magarya, ga goriba, ga gawo, ga tumfafiya, kai ka ce a dajin Katsina kake. Akwai ma geron daji da dawar daji, dangin waɗanda kake shukawa a gonarka.

Gobirawa, Abzinawa da birnin Agadas

Tarihin baka na Gobirawa ya nuna a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo wannan a littafinsa Infaƙul Maisuri, inda ya nuna ƙasar tana hannun Gobirawa ne kafin wasu ƙabilun Buzaye su zo daga arewa su karɓe ta. Daga nan Gobirawa suka yi ta matsowa, suka zauna Birnin Lalle, daga bisani a ƙarni na 18 suka kafa Alƙalawa.

A shekara ta 1353 matafiyin nan na Maroko, Ibn Batuta, ya sauka a Takadda, yamma da duwatsun, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana kai shi Gobir da Barno. Kazalika littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarkin Kano Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa.

Wajen shekara ta 1405 ƙabilun Buzaye, da suka gaji da faɗa a tsakaninsu, suka naɗa sarki guda mai raba gardama, sunansa Yunusa. Bayan 'yan shekaru fadar ta koma Agadas. Birnin ya bunƙasa domin nan ne mahaɗar hanyoyin fatake daga Tarabulus da Gat da Tuwat zuwa Katsina da Kano. Wanda ya ratso hamada dole ya bi ta cikin duwatsun, don nan ne akwai rijiya da abincin raƙumi. Arzikin nan ya jawo idon Askiya Muhammadu na Songhai, ya kawo yaƙi a 1500, ya sake dawowa wajen 1515. A kan rabon ganimar wannan yaƙi na biyu ne Kanta ya ɓata da Askiya, ya kafa daular Kabi. A wannan zamani ne kuma aka gina masallacin Agadas mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, wadda aka sabunta a 1844, tana nan tsaye har yau.

A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Azbin, ya ci ƙasar Adar daga hannun Kabawa, zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Adar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, a lokacin neman ilminsa, ya je har Agadas tare da malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ka ga ke nan zumuncin Azbin da ƙasar Hausa ba na jiya ba ne. Yau ma Hausa ce harshen kasuwa da na titi a birnin Agadas.

Ayarin gishiri

Yanzu sai mu zo kan kantun da kake sayarwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba a Azbin ake yin wannan gishiri ba. A Bilma da Fashi ake yinsa, can gabas, bayan an ƙetare Tenere. Abzinawa masu ɗauko shi ne kawai. To me ya sa su ne masu ɗaukowa? Saboda su ke da raƙuma, kuma duwatsunsu ne ke da ciyawar da raƙumi zai yi ƙiba da damina har ya iya wannan tafiya.

Tafiyar tana da ƙafa uku, kamar murhu. Da kaka, wajen watan Oktoba, ayari kan tashi daga gindin duwatsu ya doshi Bilma, tafiyar kilomita 500 da ɗoriya, ba itace ba inuwa. Raƙuma kan ɗauki dammunan ciyawar da za su ci, a riƙa ajiye wasu a hanya saboda komowa. Jagoran ayari kuwa, su ma Buzaye madugu suke ce masa, da rana da taurari yake gane hanya. A Bilma sai a ba da gero a karɓi kantu da beza da dabino. A komo gida a ɗan huta, sa'an nan a gangaro Damargu da Damagaram da ƙasar Kano. Nan za su ci rani, raƙuma suna cin kara a gonaki suna bar wa manomi taki, su kuma suna sayar da gishiri suna sayen gero, da turkuɗin Kura na yin amawali. Kafin ruwa ya sauka sai su koma arewa.

Dubi yadda kowa ya dogara da ɗan'uwansa. Mutumin Bilma yana da gishiri ba shi da hatsi. Bahaushe yana da hatsi, shanunsa na bukatar gishiri. Ba'abzine kuwa yana da raƙumi. A ƙarshen 1850 Baturen nan ɗan Jamus, Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Azbin, ya ziyarci Agadas, sa'an nan ya biyo ayarin gishiri zuwa Damargu, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851. Ya lura Buzayen Kel Awai suna jin Hausa ƙwarai. A farkon ƙarni na 20 Turawan Faransa sun ƙidaya ayarin da ya kai raƙuma wajen 20,000. Daɗin daɗawa, Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka yi suna wajen fataucin goro zuwa Gwanja, asalinsu daga wajen Azbin ne, kuma har yau akwai unguwar Agadasawa a cikin birnin Kano.

Zuwan Turawa da yaƙin Kawusan

Sojan Faransa sun fara ratsa Azbin a 1899, suka kafa bariki na dindindin a Agadas a 1906. Daga nan abubuwa suka taru suka yi wa mutanen dutse yawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da a da ake ɗaukowa daga Tarabulus a kan raƙumi suka koma biyowa ta Ikko. Sai ga fari da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba. Ga haraji, ga kuma Faransawa suna ƙwace raƙuma don jigilar kayansu.

A watan Disamba na 1916 wani jarumin Buzu mai suna Kawusan, wanda ke da goyon bayan 'yan Sanusiyya na Libiya, ya haɗa kai da Sarkin Azbin Tagama, suka yi wa barikin Agadas zobe. Sai a farkon watan Maris na 1917 rundunar Faransa daga Damagaram ta kawo ɗauki. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe malamai a Agadas, an kwashe dabbobi, an tayar da ƙauyuka, lambuna suka bushe, jama'a da yawa suka gudo Damargu da ƙasar Kano. An kashe Kawusan a Murzuk ta Libiya a 1919, Tagama kuma ya rasu a kurkuku a 1920. Sai da aka yi shekaru kafin ayari ya sake miƙewa.

Bayan samun mulkin kai a 1960, sai aka shiga wani sabon babi. A 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, yamma da duwatsun, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa, mota ta fara karɓe aikin raƙumi. Farin 1973 da na 1984 suka karkashe dabbobi, matasa da yawa suka tafi ci-rani Libiya da Aljeriya. Tawaye ya ɓarke daga 1990 har aka sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, wani kuma ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. Daga 2014 kuma sai ga zinariya ta bayyana a arewacin jihar, dubban mutane suka kwarara.

Namun daji

Lokacin da Dokta Barth ya ratsa Azbin akwai zaki a cikin kwarurukansa. Kafin a yi nisa cikin ƙarni na 20 an ƙarar da shi. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni kamar takobi, wadda Buzaye ke yin garkuwa da fatarta, rabon da a gan ta a yankin tun cikin shekarun 1980. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa babu sauranta a daji a duk duniya, sai waɗanda ke tsare a gidajen namun daji. Daga cikinsu ne aka fara mayar da wasu dajin Chadi a 2016.

Don a ceci abin da ya rage, gwamnatin Nijar ta keɓe gabashin duwatsun da wani yanki na Tenere a 1988, fili mai murabba'in kilomita sama da 77,000, ya zama gandun daji, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1991. Amma shekara guda kacal bayan haka, a 1992, sai ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin hatsari, saboda tawaye ya kori ma'aikatan gandun.

Labarin jimina ya isa misali. A 1990 an ƙiyasta akwai wajen 1,600 a wannan gandu. Kafin shekara goma masu bindiga a mota sun gama da su, sai 'yan ƙalilan da mutanen Iferwan suka killace suna kiwo. Haka wata farar dabba mai murɗaɗɗun ƙahoni da Turawa ke kira adaks, wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba. Saboda ita aka ware wani sashe na gandun, amma yau ragowarta a daji ba su kai 100 ba, su ma can wajen Tarmit suke, kudu maso gabas. Sai mena, doguwar barewar nan mai jan wuya da farin ciki, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta ɗauki sunanta. 'Yan kaɗan ne suka rage a wani lungu na duwatsun, kuma a duk duniya waɗanda ke daji ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Waɗanda suka fi jurewa su ne waɗanda mota ba ta iya binsu. Akwai ragon dutse mai dogon gashi a ƙirji, akwai ƙaramar barewa, da rema, da dila, da yanyawa. Abin mamaki kuma, akwai jan biri, har da gwaggon biri a cikin kwazazzaban Tamgak, waɗanda hamada ta raba da 'yan'uwansu na kudu tun shekaru dubbai. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai su ma sukan yada zango a nan su sha ruwa kafin su wuce.

Lura da wani abu, Malam. Waɗannan dabbobi sun ga fari iri-iri sun tsira, domin sun san inda za su gusa su sami tsiro. Maharbin da, mai kare da tarko da mashi, ɗaya yake kamawa ya koma gida. Abin da ya gama da su shi ne haɗuwar fari da bindiga da mota a lokaci guda. Mutane sun gudu a 1917 sun komo, sun gudu a 1973 sun komo, amma zaki da mariri ba su komo ba.

Abin da ya shafe ka

Wataƙila manomi zai ce, to ni ina ruwana da dutsen da ke tafiyar kilomita 700 daga gonata? Da ruwanka. Na farko, kwarurukan Azbin da filayen Tamasna da ke yamma da su suna cikin wuraren da farin ɗango ke ƙyanƙyasa idan damina ta yi kyau a hamada. Muddin jami'an yaƙi da fara suna iya shiga su duba, sukan kashe su tun suna 'yan tsalle. Idan babu zaman lafiya ba mai shiga, sai dai a ga gari ya yi duhu. Waɗanda suka ga farin 1988 da na 2004 ba sa bukatar a yi musu bayani, kuma na 2004 sun haɗu da ƙarancin ruwa suka jawo wa Nijar yunwar 2005.

Na biyu, ciniki bai mutu ba, kama ce ya sauya. Har yanzu akwai ayarin da ke zuwa Bilma, ko da yake bai kai na da ba, kuma manyan motoci sun ɗauki kaso mai yawa. Lambunan Azbin kuwa sun koma noman kasuwa. Albasa da dankali da tafarnuwa da lemonsu suna zuwa Yamai da Damagaram, albasar ma har ƙasashen bakin teku. Injin ban ruwa ya maye gurbin sa da raƙumi a wurare da yawa, an faɗaɗa lambuna, kuɗi sun shigo.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Raƙumi yakan gaji ya huta, rijiya ta sake tara ruwa. Inji kuwa ba ya gajiya sai mai ya ƙare. Ruwan da ke ƙarƙashin kori ba teku ba ne, abin da daminar bana ta zuba ne kawai, da ɗan ragowar na bara. Idan ana ɗiba fiye da abin da ke shiga, sai rijiya ta yi ta zurfi, mai ƙaramin ƙarfi ya fara barin lambunsa. Ga masu saran itace suna kai wa Agadas da Arlit da sansanonin zinariya makamashi, alhali saiwar itatuwan nan ce ke riƙe bakin kori, ita ce ke rage gudun ruwa har ya samu ya nutse. Wannan ya sa a wasu kwaruruka mutane suka koma jera duwatsu da gina 'yan madatsai a cikin kori don ruwa ya daɗe yana shiga ƙasa. Manoman fadama a Sakkwato da Haɗeja da Maraɗi, waɗanda su ma suka rungumi inji da bututu, sun san wannan lissafi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To Malam, ka ji tarihin duwatsun Azbin gwargwadon abin da fili ya ba mu. Muna fata kai da abokan tambayarka na Tasawa da Illela kun gamsu. Sauran masu sauraro kuma, ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, a rubuta su a fili yadda za su karantu. Sai wani makon idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.